Tsofaffin fitilun Amurka: tsufan da ake saye da tsada

Yau za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa Amurka wajen wasu mutane da ke kashe kuɗinsu da lokacinsu kan tara tsofaffin fitilun lantarki, irin na ajiyewa gefen gado ko kan teburin biro, waɗanda aka ƙera tsakanin 1925 da 1940. Ana sayar da su a gwanjo, wata ɗaruruwan daloli, wata dubbai. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne da yawa daga cikinsu da ƙarfe mai araha aka yi su. To me ake saye ke nan?

Salon fitilun ana ce masa Art Deco. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kunnenmu ya riga ya kama inda sunan ya fito: a 1925 aka yi wani babban baje koli na kayan ƙawa a birnin Paris, kuma daga dogon sunansa aka gutsuro wannan. An gayyaci Amurka ba ta kafa rumfa ba, bisa cewa ba ta da kayan sabon salo da za ta nuna, sai dai ta tura tawaga ta je ta gano. Ba a daɗe ba salon ya kama Niyok. Dogon benen Chrysler ya tashi a 1930, na Empire State a 1931, kuma masu ƙera fitilu suka riƙa kwaikwayon su: gindi hawa-hawa kamar matakala, layuka miƙaƙƙu, ƙwallon gilashi a sama. Shi kansa sunan Art Deco sai daga baya ya bazu, musamman bayan littafin da wani ɗan Ingila, Bevis Hillier, ya fitar a 1968.

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a kwaleji ya haddace karyewar tattalin arzikin 1929 don jarrabawa. To ga inda ta shafi fitila. Faransawa suna yin nasu kayan da hauren giwa da katako mai tsada, don masu hannu da shuni. Amurkawa kuwa, da aljihu ya bushe, sai suka koma wa inji da kayan araha: alminiyam, da kurom mai sheƙi irin na salansar babur, da wata baƙar roba mai tauri da ake kira bakelit, da wani gaurayen ƙarfe na tutiya da ake shafa wa fenti ya yi kama da tagulla. Kada kuma mu manta, a tsakiyar shekarun 1930 kusan gona ɗaya cikin goma ce ke da kuran a Amurka, shi ya sa Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara a 1935. Ga magidanta da yawa, fitilar tebur shaida ce cewa wuta ta shigo gida. Wannan murnar ba sai an fassara mana ita ba, mun san ranar da aka fara kunna ampul a unguwa.

Masu tarawa suna da sunayen da suke bi. Akwai Frankart, kamfanin Niyok da Arthur von Frankenberg ya zana wa kaya: siffofin mata sirara, galibi ba tufafi, ɗauke da ƙwallon gilashi, an yi musu fenti kore ko baƙi. Gaskiya ba irin abin da yawancinmu za su ajiye a falo ba ne, amma a can suna cikin waɗanda aka fi nema. Akwai Chase na garin Waterbury a jihar Connecticut, mai kayan kurom da tagulla, wanda tambarinsa wata halitta ce rabi mutum rabi doki riƙe da baka. Akwai Walter von Nessen, Bajamushen da ya buɗe wurin aikinsa a Niyok a 1927, wanda aka sani da fitila mai hannu da ake lanƙwasawa a jawo haske inda ake so. Sai fitilar karatu mai lamba 114 da kamfanin Polaroid ya fitar a 1939, daga ofishin mai zane Walter Dorwin Teague: gindin bakelit, hular alminiyam, da wani tataccen leda a ciki mai rage ƙyallin da takarda ke mayar wa ido. Yau tana cikin gidajen tarihi na Amurka.

Me ya sa suka yi ƙaranci alhali da yawa aka ƙera su? Ƙarfen tutiya ba ya da haƙuri, da ya faɗi sai ya tsage. Gilashi kun san halinsa. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu a ƙarshen 1941, masana'antun suka koma yin kayan yaƙi, aka kuma bi gida-gida ana tattara tsohon ƙarfe don narkarwa. Bayan yaƙi salon ya zama tsohon yayi, mutane suka watsar. Da aka sake waiwayarsa a shekarun 1960 da 1970, sai ga masu nema sun fi kayan yawa. Inda ake haka kuwa, jabu ba ya nisa. An sake zuba da yawa daga cikin siffofin nan, wasu ana sayar da su a matsayin kwafi, wasu kuma ana shafa musu tsufan ƙarya.

Shi ya sa gwanin tarawa, idan aka miƙo masa fitila, ba fuskarta yake fara kallo ba. Kife ta yake yi. Yana neman sunan kamfani da lambar rajista da aka buga a gindi. Yana duba kaifin zubi, don kwafin da aka ɗauka daga jikin wata fitilar yakan fito da yatsu da gashi a dushe. Yana ɗan kankare wurin da ido ba ya kaiwa: in ya ga ruwan ɗorawa tagulla ce, in ya ga fari kamar azurfa tutiya ce. Bakelit kuwa goga shi yake yi da yatsa har ya ɗau zafi, ya shinshina, don yana da wani wari na magani da robar zamani ba ta da shi. Har fitilar gane jabun kuɗi suna haska wa gilashin, saboda wasu gilasan zamanin an saka musu ɗan uraniyom don launi, kuma a ƙarƙashin wannan hasken sai su yi kore shar. Kafin wani ya tambaya, a'a, ba na Arlit ba ne, namu sai 1971 aka fara fitar da shi.

Ga inda maganar ta fi ba mu mamaki, jama'a. A wajen waɗannan mutane, fitilar da fentinta na asali ya ɗan koɗe ta fi wadda aka kankare aka yi wa sabo daraja. Gilashinta na asali, ko da ɗan tabo, ya fi sabon da aka sayo aka ɗora. Mu a nan, in muna son abu, goge shi muke yi da toka da lemun tsami har ya ɗauki ido, ko mu kai wa mai fenti. A can wannan gatan shi ne ke karya farashi. Amsar tambayarmu ta farko ke nan: ƙarfen kansa bai taka kara ya karya ba. Abin da ake biya shi ne shaidar cewa wannan ita ce fitilar da ta fito daga wuri kaza a shekara kaza, ba a sauya ta ba, kuma an san hannun da ta bi. Fitila biyu iri ɗaya, mai takarda da labari ta fi marar su.

Abu ɗaya ne masu hankali a cikinsu ba sa yi wa kara, shi ne waya. Wayar da ta shekara tamanin ko casa'in, robarta ta bushe ta farfashe cikin zaren da aka naɗe ta da shi, ga jikin fitilar kuma ƙarfe ne. Sabuwa suke sakawa, su ajiye tsohuwar a leda. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda kayan gwanjon Amurka na iso mana. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 220. In fitilar can ta faɗo hannunku, tsohuwa ko sabuwa, kada a soka ta a bango don gwaji. A kai wa mai gyaran wuta ya duba waya da makunni, ya sa ampul irin namu. Rai ya fi fitila.

Mun daɗe muna juya wannan labari, don kullum muna jin masu sayen ƙarfe a kilo suna kewaya unguwanni. Fitilar ƙwai ta kaka, tsohuwar rediyon baba da aka saurari labaran duniya da ita, tasoshin jeren inna, haka suke hawa sikeli a ba yaro ƴan dala ya sayi alawa. Ba mu ce wani zai zo ya biya ku daloli a kansu ba, kada a ce rediyo ta faɗa. Amma su ma Amurkawan da suka watsar da nasu fitilun bayan yaƙi ba su ga abin ajiyewa a ciki ba, jikokinsu ne yau ke bin gwanjo suna nema. Abin da ya tsira, ya tsira ne don wani ya bar shi a kan kanta bai taɓa ba.

Don haka kafin tsohon abu ya fita gida, a tambayi tsoho ko tsohuwar gidan: na wa ne, daga wace kasuwa, a zamanin wa? A rubuta a ƴar takarda a liƙa a gindinsa. Masu amsar suna nan tare da mu yanzu, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Wanda ke da irin wannan ajiya a gida, ya ɗauko hotonta ya turo mana da labarinta.