Suna Linzami: Yadda Wani Labari Daga Dungas Ya Sami Sunansa

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma da wuya a sami wurin da maganar ta fi tabbata kamar a bangon littafi. Kalmomi biyu ko uku da aka ɗora a nan su ne ke jan mai karatu zuwa ga shafuka ɗari biyu, ko su kore shi tun bai buɗe ba. Ga ɗalibin kimiyyar harshe, sunan littafi ƙaramin nassi ne da ya tattara kusan duk matsalolin da ake koyarwa a aji: karin sauti, tsawon wasali, karin harshe, ƙa'idojin rubutu, da ma'anar da al'umma ke rataya wa kalma. Wata malamar firamare a yankin Dungas ta gamu da su duka a cikin watanni kaɗan, bayan ta kammala ƙagaggen labarinta na farko.

Labarin na wata mata ne da mijinta ya tafi cin rani Kano bai dawo ba, gero ya ƙare a rumbu, bashi ya hau kanta, har ta ɗauki ƴaƴanta biyu ta nufi Aljeriya. A kudancin jihar Damagaram wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada arewa da Arlit, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan wannan kudancin ne. Don haka duk sunan da za a ba irin wannan littafi, za a karanta shi a gidajen da ciwon bai warke ba.

Sunan da ya fara zuwa mata shi ne Fari, saboda rashin ruwan sama ne mafarin wahalar tauraruwarta. Ta rubuta kalmar a takarda ta nuna wa abokan aikinta, sai kowa ya karanta abin da ya ga dama. Wani ya ɗauka launi ne, wani ya ɗauka farin da ke cinye gona, wani kuma ya ce ai mafari ake nufi. Babu wanda ya yi kuskure. Haruffan nan huɗu suna ɗauke da kalmomi daban-daban waɗanda baki ke rarrabewa da karin sauti da tsawon wasali: wasalin farko gajere ne a kalmar launi da ta rashin ruwa, dogo ne a jam'in fara da kalmar mafari. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. A cikin jimla, maƙwabtan kalma sukan warware rikicin. A bangon littafi kuwa kalma ita kaɗai take tsaye, babu mai yi mata shaida.

Wataƙila shi ya sa magabata ba su cika barin kalma guda ta gama-gari a bango ba. Littattafai biyar da suka fito daga yunƙurin Hukumar Fassara ta Zariya, wanda gasar 1933 ta buɗe a ƙarƙashin Rupert East, sun nuna hanyoyi uku. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun ɗauki sunan tauraro. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo sun haɗa suna biyu da mahaɗin -n, inda kowace kalma ke tsare ma'anar ƴar'uwarta. Jiki Magayi kuma ya aro karin magana. Marubutan da suka biyo baya sun faɗaɗa hanyar ta uku: Bature Gagare ya ce Ƙarshen Alewa Ƙasa, Balaraba Ramat Yakubu ta ce Alhaki Kuykuyo Ne, ta kuma mai da tambaya suna a Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ya bar jimlar sharaɗi a buɗe a In Da So Da Ƙauna, mai karatu ya ƙarasa da kansa. Sirrin waɗannan sunaye shi ne, rabinsu yana bango, rabinsu yana cikin kan mai saye tun kafin ya zo kasuwa.

Suna na biyu da malamar ta gwada shi ne Jikka Goma, adadin bashin da ya kori matar daga gida. A Magarya da Dungas babu mai neman bayani: dala sefa biyar ce, jikka sefa dubu, don haka jikka goma dubu goma ke nan. Amma littafin ba zai tsaya a wannan gefen iyaka ba. Daga Dungas kasuwar Maigatari ba nisa, kuma injinan buga littattafan Hausa da mafi yawan masu karatunsu suna Kano. A can, jaka a bakin ƴan kasuwa naira ɗari biyu ce, gadon zamanin da take nufin fam ɗari. Idan mai gyaran rubutu ya ga baƙin k biyu ya ɗauka kuskure ne ya share ɗaya, sunan ya koma maganar jikoki. Kalmar da ta fi kowace nuna asalin labarin ita ce wadda ta fi saurin ɓata a hanya.

Matsalar ba sabuwa ba ce a Nijar. Abdoulaye Mamani ya buga Sarraounia a 1980, kalmar Hausa cikin rigar rubutun Faransanci, kuma da wannan rigar ta zaga duniya bayan Med Hondo ya mai da ita fim a 1986. Garin Magarya kansa haka yake, taswira na rubuta shi Magaria. Ko a cikin rubutun Hausa, Nijar na amfani da harafin ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar ta ƙara nauyi: wace Hausa za a ɗora a bango, ta Damagaram ko ta Kano, kuma wa zai sassauta wa wani?

Sai dai abin da ya kashe Jikka Goma ba nahawu ba ne. Malamar ta faɗa wa gwaggonta sunan, tsohuwar da ba ta karanta boko, sai ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce: "Ɗiyata, kin san gida nawa ne a garin nan za su ce da su kike? Wanda ya ci bashi don ya ciyar da yara ba a rubuta masa kuɗin a goshi." Nan ta gane cewa sunan littafi ba ya zama a bango kawai. Ana faɗarsa a bakin rijiya da wurin biki, a bakin mutanen da ba za su taɓa karanta shafi ɗaya ba, kuma yana iya zama laƙabin da za a jefi wata baiwar Allah da shi. Shafuka ɗari biyu suna da sararin da za su nuna uzurin matar. Kalmomi biyu ba su da shi.

Daga ƙarshe ta tsaya a kan Ganyen Gawo. Duk wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Matamaye ko Mirriya ya ga gonakin da gawo ya cika, albarkacin manoman da tun shekarun 1980 suke barin tohon itace idan sun yi sassabe. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, ya bar wa gero rana da taki. Idan rani ya yi tsanani, komai ya bushe, sai shi kuma ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da abinci. Matar labarin haka take: ba a ganin ƙimarta sai lokacin da kowa ya kasa. Sunan yana da mahaɗin da ke tsare ma'ana, ba shi da harafi mai lanƙwasa da injin bugawa zai iya lalatawa, kuma ana furta shi iri ɗaya a ɓangarori biyu na iyaka.

Zaɓin bai zo kyauta ba. Mai saye a Kano wanda ya tashi a cikin birni zai iya wuce littafin yana zaton na aikin gona ne, kuma babu kalmar so ko kishi da za ta tsayar da shi. Malamar ta san haka, ta kuma karɓa. Ta gwammace ta rasa wasu masu saye a nesa da ta sa wata mata a Dogo-Dogo ko Malawa ta ji sunan littafin ta sunkuyar da kai.