Mai Tsaron Bakin Rijiya

A wani ƙauye na ƙasar Dungas, ba nesa da hanyar da fatake ke bi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ba, akwai wani dattijo wanda samarin garin suka daɗe suna jin haushinsa saboda kalma ɗaya tak da ba ta barin bakinsa: «a'a». Ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana haƙa rijiya da yasarta, tun kafin a cire Dungas daga gundumar Magarya a shekarar 2011, kuma babu inda igiyarsa ba ta sauka ba daga Dogo-Dogo da Malawa har fadamun Wacha da Bande. Yanzu gwiwa ta ƙi, gani ya ragu, ya bar sauka. Amma bai bar bakin rijiya ba.

Wata safiya cikin bazara igiya ta tsinke, guga ya tafi. An jefa ƙugiya har an gaji ba ta kamo shi ba. Sai ɗan ƙanwarsa, saurayi majiyi ƙarfi wanda duk damina ba a kama ƙafarsa a iyo cikin tabki, ya tuɓe riga ya ce a riƙe masa igiya. Dattijon ya taso daga gindin bedi ya dafa kafaɗarsa.

«Mai da rigarka, yaro.»

«Haba Kawu, ai ruwan bai fi gaba biyu ba. Tabkin da nake ƙetarewa ya ninka shi.»

«Tabki yana da gaɓa ta ko'ina. Wannan ƙofarta ɗaya ce, kuma tana sama.»

Mata na tsaye da tuluna, rana na ɗagawa. Wata daga cikinsu ta yi gunaguni cewa yau kam rijiya ta bayar, guga ya hana, tsoho ya ƙara hanawa. Bai tanka ba. Ya aika a kira tsohon almajirinsa daga wani gari, aka jira shi har azahar.

Abin da matan ba su tsaya tunawa ba, shi ba ya mantawa. Yana da ƙane da ya rasu a cikin rijiya tun suna samari. Wani ne ya sauka ɗauko akuya ya yi shiru, ƙanen ya bi shi babu igiya a ƙugu, shi ma ya yi shiru. Ba ruwa ne ya ci su ba, domin ruwan bai kai ƙirji ba. Iska ce. Tun daga ranar ya gane gaskiyar masu iya magana da suka ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita.

Alal haƙiƙa haɗarin rijiya iri uku ne, kuma babu ɗaya da ake hangowa daga sama. Na farko shi ne iska. Iskar da ɗan Adam ke shaƙa a sarari tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100. A gindin rijiyar da ta daɗe a rufe, ko wadda ganye da mushe suka ruɓe a cikinta, oksijin yana raguwa, wata iska mai nauyi da masana ke kira kabon-dayoksaid ta kwanta a ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da warin da zai gargaɗi mutum. Sai dai ya ji kansa ya yi nauyi, hannu ya saki. Shi ya sa mahaƙan dauri ke fara zura fitila mai wuta: in ta mutu, ba mai sauka sai an kaɗa iskar da reshe mai ganye, ana zurawa ana jawowa. Na biyu shi ne ƙasa, domin ƙasar wannan yanki rairayi ce mai saurin zaftarewa. Na uku shi ne wanda ya fi kama da tarko. A rijiyoyin siminti irin waɗanda ma'aikatar OFEDES ta yi ta ginawa a Nijar bayan samun ƴancin kai, rairayi yakan riƙa zurarowa ta ƙarƙashin zoben ƙarshe, har bayan bangon ya rarake ya zama kogo a cikin ruwa. Mai yasa yakan nutsa ya kwashe laka a wurin, cikin duhu, da numfashi ɗaya. Wanda bai sani ba, yana laluben guga sai ya cusa kai ko ƙafa cikin wannan rami, laka ta tashi, ya rasa inda sama take.

Zamani kuma ya ƙaro na huɗu. Masu noman rani a kwarin Korama sukan sauke injin ban-ruwa cikin rijiya idan ruwa ya ja baya. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon-monoksaid, gubar da ke kashe mutum alhali fitila na ci gaba da ci. A nan gwajin kakanni ma ba ya aiki. Dokar dattijon a kan wannan gajeriya ce: inji da mutum ba sa haɗuwa a rami ɗaya.

Malamin makarantar garin, wanda ya ga abin da ya faru a safiyar nan, ya same shi da yamma ya nuna masa wani hoto a wayar salula. Allo ne da ake kafawa a ƙarƙashin ruwa, a bakin koguna na jihar Fulorida ta Amurka, da zanen ƙwarangwal riƙe da lauje. Malam ya fassara masa ma'anar rubutun: ɗaruruwan masu nutso sun mutu a irin waɗannan koguna, har da masu koyar da nutso a sararin ruwa, don haka wanda bai koyi aikin kogo ba ya juya. Ya ba shi labarin wani marmaro mai suna Vortex Spring, inda aka sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo a mashigar kogon, ba a ba da mabuɗi sai ga wanda ya nuna takardar shaida. Duk da haka a watan Agusta na 2010 wani matashi marar wannan shaida ya wuce ƙofar, kuma ba a sake ganinsa ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaya ko su ma suna ɗaura igiya. Malam ya ce ƙwarai kuwa. Wani gwanin nutso Ba'amurke mai suna Sheck Exley ya bi diddigin yadda mutane suka riƙa mutuwa a koguna, ya fitar da ɗan littafi a 1979. Abin da ya gano bai wuce abin da ake faɗa a bakin rijiya ba: kada a shiga sai da zare wanda bai yanke ba tun daga mashiga, a raba iskar tukunyar da aka goya kashi uku, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana, kada a zarce zurfin da aka san an iya. Dattijon ya yi murmushi ya ce: «Ashe su ma sai da suka binne nasu kafin su koya, Malam.»

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ya fi zama masa a zuciya. A yankin Mount Gambier na ƙasar Ostareliya, masu nutso huɗu sun halaka rana ɗaya cikin wani rami mai ruwa a watan Mayu na 1973, har aka fara maganar rufe kogunan gaba ɗaya. Maimakon haka, masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a cikin wannan shekara, suka kasa koguna daraja-daraja gwargwadon haɗarinsu, suka tsara horo da jarrabawa da izinin shiga. Mace-macen suka ragu ƙwarai. Wato kwaɗo kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa shi da hanyar da mai so zai bi har ya cancanci mabuɗi.

A nan ne dattijon ya ga nasa laifin. Shekara da shekaru yana hanawa, amma mutum uku kacal ya koyar, biyu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Samari na ganin haƙar rijiya aikin wahala ne marar daraja, ga kuma rijiyoyin burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana sun shigo. Amma tsofaffin rijiyoyi ba su tafi ko'ina ba. Ran da famfo ya lalace, gare su ake komawa, kuma rijiyar da aka daɗe ba a ja ba ita ce mafi mugun iska. Idan shi da ire-irensa suka kau, rijiya za ta zauna, guga zai ci gaba da faɗawa, mai cewa «a'a» ne kawai za a rasa.

Wannan giɓi ba hukuma kaɗai ce za ta cike shi ba. Malaman makaranta na iya sa wa yara abu uku a kai tun suna ƙanana: iya iyo ba iya rijiya ba ne, wanda ya yi shiru a ƙasa ba a bin sa sai da igiya a ƙugu da ƙarfafan mutane a sama, jiran gwani ba ragonci ba ne. Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, waɗanda ke tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi, ya kamata su lissafa ilimin mahaƙa cikin gadon da ake tsoron ɓacewarsa, su zauna da su tun suna da rai, su kuma girmama su a bainar jama'a yadda saurayi zai yi sha'awar gadonsu.

Bayan kwana biyu dattijon ya aika a kira ɗan ƙanwar tasa. Saurayin ya zo yana ɗaure fuska, ya durƙusa ya gaishe shi. Kawun ya miƙa masa igiya.

«Kana son sauka?»

«Ina so, Kawu.»

«To, za ka sauka, amma ba bana ba. Bana riƙo za ka koya. Wanda bai san nauyin mutum a hannunsa ba, bai kamata ya ɗora wa wani nasa nauyin ba.»

Ya nuna masa yadda ake ƙulla ƙullin da ba ya zamewa, ya kwance, ya ce ya sake. Har magariba ta yi suna nan a bakin rijiya, yaro na ƙullawa, tsoho na kwancewa.