Kakar da Leicester ta yi zaman dirshan a ƙasan teburi

Duk yaron da ka tare a gidan kallo ka ce masa Leicester, abin da zai faɗo masa shi ne 2016, shekarar da ƙaramar ƙungiya ta ɗauke kofin Firimiya a gaban manya. Mu da muka kwana biyu a duniya kuwa, kakar da ta gabace ta ce ta fi zauna mana a rai, ta 2014 zuwa 2015, wadda suka ƙare a na 14 da maki 41, babu kofi babu kambu. Murnar kofi kowa ya iya ta. Amma a ce ka yi wata da watanni kai ne kurar baya, kowane mako kana fitowa fili jama'a na yi maka kallon wanda ya riga ya mutu jana'iza kawai ta rage, kuma ka ci gaba da fitowa, wannan sai mai ƙarfin zuciya.

A 2014 suka dawo Firimiya bayan shekara goma a ajin 'yan dagaji, kuma da ƙarfinsu suka hau, da maki 102. Watan Satumba bai ƙare ba sai da suka lallasa Manchester United da ci 5 da 3, alhali su ake ci 3 da 1 a tsakiyar wasan. Kowa ya ce lallai baƙin bana da shirinsu suka zo. Daga ranar sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wasa 13 a jere ba su ci ko ɗaya ba. Kafin Nuwamba ya fita sun sauka ƙarshen teburi, a nan Kirsimeti ta same su, a nan kuma suka zauna har Afrilu. A tarihin Firimiya kafin su, ƙungiya biyu kacal suka taɓa yin Kirsimeti a wannan gurbi suka tsira, West Brom a 2005 da Sunderland a 2014.

Akwai abu ɗaya da teburi ba ya nunawa, shi ne ya sa na riƙa bin su. An ci su sau 19 a kakar, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ba su ratar da ta wuce ƙwallo biyu ba. Wanda ya san ƙwallo ya san abin da wannan ke nufi. Ƙungiyar da zuciyarta ta mutu, da an zura mata ta biyu sai ta saki jiki a yi mata ruwan ƙwallaye, ɗan baya ya tsaya yana ɗaga wa mai tsaron raga hannu, shi kuma yana harararsa. Waɗannan ana cin su, amma har alƙalin wasa ya hura tashi suna guje-guje kamar yanzu aka take.

Na san wannan hali tun kafin in san Leicester. Na yi aiki a wata masaƙa a Kano a shekarun da masaƙu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wuta ba ta samuwa, atamfar waje ta cika kasuwa, albashi sai ya yi watanni bai shigo ba. A irin wannan lokaci ne mutane ke rarrabuwa. Wasu suka koma neman wanda za a ɗora wa laifi, kullum ana ƙus-ƙus a bayan sito. Wasu suka fara fita da zare a ƙarƙashin riga, wai su ma su tsira da nasu. Akwai wani dattijon makanike da kowace safiya sai ya zagaya injunansa da ɗan gwangwanin mai da tsumma, ya ɗiga a nan, ya goge can, ya kara kunne ya saurari ƙarar kowanne. Wata rana na ce masa, "Baba, kai ba ka gajiya? Ana cewa fa rufe wurin za a yi." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Yaro, ran da za a rufe, a rufe su da lafiyarsu." An kuwa rufe masaƙar. Haƙurinsa bai hana ba. Sai dai shi ne mutum na farko a cikinmu da wani kamfani ya aiko aka ɗauka.

A Fabrairun 2015 labari ya bazu cewa an kori kocin Leicester, Nigel Pearson, kafin gari ya waye ƙungiyar ta fito ta ce yana nan daram. Da ma Pearson ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba. Ya yi cacar baki da ɗan kallo, ya yi da ɗan jarida, har ɗan wasan Crystal Palace ya taɓa riƙe wa wuya a bakin fili. Ban ce ya kyauta ba. Amma na lura duk surutun kansa yake sauka, yaransa kuma suna gefe suna atisaye ba mai damun su. Masu ƙungiyar, attajirai daga ƙasar Tailan, suka daure suka bar shi, a gasar da korar koci ita ce maganin farko da ake nema da zarar ciki ya ɗuri ruwa. Suka karɓo aron Robert Huth daga Stoke ya toshe baya. Ga Esteban Cambiasso ɗan Ajantina, mai shekara 34, wanda ya ɗauki kofin zakarun Turai da Inter a 2010, yana tsakiyar fili yana nuna wa yara inda za su tsaya. Mutumin da ya ga jiya ya ga yau, bai ɗauki faɗan tsira a matsayin abin da ya fi ƙarfin girmansa ba.

Da Tottenham ta ci su 4 da 3 a watan Maris, makinsu 19 a wasa 29, kuma maki bakwai ne tsakaninsu da tudun mun tsira. Saura wasa tara. Suka ci West Ham 2 da 1 da ƙwallon Andy King ana dab da tashi, suka bi West Brom har gida suka ci 3 da 2, suka doke Swansea.

Sai wasan Burnley, ranar 25 ga Afrilu, su biyun duka a bakin rami. Sai da na roƙi mai gidan kallon unguwarmu kafin ya kunna mini shi a ƙaramar talabijin ta lungu, don yara ba su ga abin ɓata man janareta a kan wasan 'yan ƙasan teburi ba. Mu ƙalilan ne a kan benci ɗaya. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci aka ba Burnley fenareti. Matt Taylor ya zo zai buga, ƙafarsa ta zame, ƙwallo ta daki turke ta fita. Wanda ke kusa da ni bai gama salati ba Leicester sun kwashi ƙwallo sun yi gaba, aka kwaso ta daga gefe, ta yi 'yar gardama a bakin raga, Jamie Vardy ya tura ta ciki. Minti ɗaya ke nan tsakani. Vardy ɗin nan 'yan shekaru kafin haka leburan masana'anta ne yana buga ƙwallon ƙananan kulob.

Masu son tsara labari za su ce haƙuri ne ya cece su. Ni shekaru sun hana ni saurin faɗin haka. Da ƙwallon Taylor ta kauce da faɗin yatsa biyu, wataƙila da wani zancen ake yi yau. Burnley ma sun yi haƙurin, su ma ba su kori kocinsu Sean Dyche ba, amma suka faɗi tare da Hull da QPR. Akwai rabo a cikin lamarin, kuma rabo ba a hannun kowa yake ba. Abin da na yarda da shi shi ne, ran da rabon ya zo, ya tarar da Leicester a haɗe. Burnley kuma da suka faɗi ba su watse ba, shekara na zagayowa suka dawo a matsayin zakarun rukuni na biyu.

A wasa taran nan na ƙarshe Leicester ta ci bakwai, ta yi canjaras ɗaya da Sunderland, wanda shi ya tabbatar da tsirarta, Chelsea kaɗai ta iya cin ta. Maki 22, fiye da abin da ta tara a wasa 29 na baya. Sakayyar Pearson kuwa, ƙarshen watan Yuni aka sallame shi, aka kawo Claudio Ranieri ɗan Italiya. Yawancin waɗanda suka ɗaga kofin 2016, su Schmeichel da Morgan da Huth da Mahrez da Vardy, yaran da suka sha wuya tare da Pearson ne. Na ga irin wannan sau da yawa, wani ya yi noma wani ya zo girbi, har ya daina ba ni mamaki, ko da yake bai daina yi mini ciwo ba.

Abin da ya fi wannan ciwo a gida ya faru. Kano Pillars, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta tsinci kanta a faɗan tsira a 2022. A Afrilun shekarar rikici ya ɓarke a wasanta da Katsina United a filin Sani Abacha, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta zabge wa Pillars maki, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A kakar da kowane maki rai ne, masu cewa su suka fi kowa son ƙungiyar su suka jawo aka ɗebe mata. Ƙarshen kaka Pillars ta faɗi, Katsina United ma ta faɗi, sai a 2023 Pillars ta dawo.

Saboda haka samarinmu masu zuwa fili, don Allah ran da kuka ga ƙungiyarku a ƙasan teburi, ku cika filin, ku yi ihu har muryarku ta dishe, amma dutse da gora ku bar su a waje.