Faifan da Yaya ya kawo daga Ikko

A lokacin da muke tasowa, Bolori unguwa ce da hanci ke riga ido gane ta. Iskar da ke biyo hanyar Baga takan zo da ƙamshin bandar kifi, daga cikin gidaje kuma turaren wuta da humra su tarye ta, domin matan Barno ba sa raina kasko. Dogon yaro ya jeru a bakin tituna, 'ya'yansa na zuba muna takewa da ƙafa ba takalmi. Idan dare ya yi, gari ya yi tsit, sai a riƙa jiyo kukan jirgin ƙasa daga tasha. Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, saboda haka kusan tare muka yi wayo da shi.

Kunnenmu bai rasa abin ji ba. Akwai algaita da ganga in ana biki, akwai Shata da Ɗan Maraya Jos daga Rediyon Kaduna, shagunan teloli suna kwana da waƙoƙin Sudan, 'yan silima kuma su dawo unguwa da Indiyanci a baki. Waƙar Turawa ce kaɗai ba ta da gurbi a gidanmu, har sai da Udoji ta zo.

Wanda bai ga farkon 1975 ba zai yi wuya ya gane abin da ƙarin albashin Udoji ya yi wa gari. An biya ma'aikata ariyas na watanni a dunƙule, ga naira sabuwa, shekararta biyu kacal da fitowa. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Yayanmu, wanda ke aiki a reluwe, sai ya dawo daga Ikko da kwali a kafaɗa. Jirgin ya biyo da shi ta Kaduna, Kafanchan, Bauchi da Gombe, kwana da kwanaki, ya sauka fari fat da ƙura, amma kwalin nan ko ƙwarzane babu. Garmaho ne mai aiki da batir, da faifai guda uku. Biyu na makaɗan kudu ne. Na ukun an yi wa bangonsa hoton mutum tara cikin baƙaƙen kaya, sun takure a jikin katanga, an haske su da fitila irin yadda ake ritsa fursunan da ya tsere.

Kakarmu ce ta fara karɓa ta duba. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce wa Yaya, "Kai, maigidan, kuɗin naka ka kai ka sayo hoton ɓarayi?"

"Mawaƙa ne, Iya. Kuma a ƙasar nan suka yi shi, a Ikko."

Babu wanda ya yarda. Kawu ma cewa ya yi Bature ba zai baro Landan da duk kayan aikin da ke can ya zo Ikko neman wurin waƙa ba, sai dai in bashi ne ya koro shi. Aka yi ta musu har aka kira magariba.

Gaskiyar Yaya ce. Faifan shi ne Band on the Run na ƙungiyar Wings, wadda Paul McCartney ya kafa a 1971 bayan watsewar tsohuwar ƙungiyarsa ta Beatles. Labarin yadda aka yi shi kuwa sai da na girma na tsinto shi kaɗan-kaɗan, kuma har yau ina jin daɗin ba da shi. McCartney ya duba jerin garuruwan da kamfanin EMI ke da situdiyo, ya zaɓi Ikko, yana hangen rana da bakin teku. Dab da tafiya mai jita Henry McCullough da mai ganguna Denny Seiwell suka ce sun bar ƙungiyar. Su uku suka rage: shi, da matarsa Linda, da Denny Laine. Suka sauka a ƙarshen Agustan 1973, zamanin Janar Gowon, tare da injiniya Geoff Emerick, suka tarar ana tafka ruwan sama, situdiyon da ke Apapa kuma ba shi da kayan da suka saba da su, sai na'urar ɗaukar sauti guda mai layi takwas. Da yake babu makaɗi, shi McCartney ya hau kan gangunan da kansa.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Wani dare suna tafe a ƙasa shi da Linda, 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka kwashe abin da ke jikinsu, har da jakar da ke ɗauke da rubutattun baitoci da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin. Dole ya koma ya tono su daga ƙwaƙwalwarsa. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe ya yanke jiki ya faɗi, aka zaci zuciya ce, likita ya ɗora laifin a kan yawan shan taba. Ga kuma Fela Ransome-Kuti, kamar yadda ake kiransa a lokacin, ya fito fili yana zargin cewa Bature ya zo satar kiɗan baƙar fata ne. Sai da McCartney ya gayyace shi situdiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka kafin ƙura ta lafa. Ban ga laifin Fela ba, domin an sha yi mana irin wannan. Amma duk wanda ya saurari waƙar Band on the Run da kunnen basira ya san babu gangar Ikko a cikinta. Ginger Baker, tsohon makaɗin ƙungiyar Cream wanda ya ratso Sahara da mota a 1971 ya kafa nasa situdiyon a Ikeja, shi ma ya ja su wurinsa suka ɗauki waƙa ɗaya.

A Landan aka ƙarasa aikin, aka ɗora goge da ƙahonin da Tony Visconti ya tsara. Babban faifan ya fito a ƙarshen 1973. Ita waƙar da ke ɗauke da sunansa an fitar da ita a ƙaramin faifai a Amurka cikin Afrilun 1974, ta hau lamba ɗaya a watan Yuni, a Ingila kuma ta tsaya a lamba uku. Ka ga ke nan an haife ta a Apapa, ta zaga duniya, sannan ta biyo layin dogo ta same mu a Bolori fiye da shekara guda bayan haka.

Mu dai ba mu san da wannan lissafi ba. Abin da muka sani shi ne bayan sallar isha ana shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Yaya, abokansa malaman makaranta da akawun ma'aikatu su zo, a dafa shayi, mu yara mu raɓe a gefe da sharaɗin ba magana. Yaya zai zaro faifan da gefen tafin hannu, ya hure shi, ya goge da wani ƙyallen karan-miski da ba a taɓa masa. Allura ta sauka, a ji ɗan ƙaras-ƙaras, sannan waƙar ta fara a sanyaye, muryar mutumin da aka kulle yana kewar gida. Can sai jita ta yi kauri, ta fusata. Sai kuma komai ya buɗe lokaci guda, kiɗan ya kwasa da gudu, kuma a daidai nan ne ko wanda bai jin Turanci yakan gyaɗa kai. Iya tana daga ɗaki takan ɗaga murya ta ce, "To, sun kuɓuta, sai a bar mu mu yi barci."

Kula da faifai a Maiduguri aiki ne. Zafin Afrilu in ya same shi yakan lanƙwashe kamar fatar da aka shanya, saboda haka a bayan randa yake kwana, naɗe cikin tsohon zani. Hunturu kuma ya cika ramukansa da ƙura. Idan batir ya yi sanyi muryar McCartney takan ja ta yi nauyi, sai a aike mu mu jera Berec a rana ko za su farfaɗo. Da faifan ya samu tabo kusa da ƙarshen waƙar, kwabo Yaya ke ɗorawa a kan hannun allura don kada ta yi tsalle. Dokar Baba ɗaya ce: in aka ji ladan, ko a tsakiyar baiti ne, a ɗaga allura.

Zaman bai daɗe ba. A Fabrairun 1976 Janar Murtala ya raba Jihar Arewa Maso Gabas zuwa Barno, Bauchi da Gongola, aka ce kowane ma'aikaci ya nufi jiharsa. Rabin masu zama a tabarmar nan suka yi Bauchi da Yola. Kaset ya shigo, rakoda ta yi arha, garmaho ya koma saman kwaba. Daga baya jirgin ma ya daina kuka. Shekarun da suka biyo bayan 2009 kuwa, da dokar hana fita da rufe layukan waya, Bolori ta ga abin da ya sa zaman ƙofar gida bayan isha ya zama labari. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Yaya na cikinsu.

Kwanakin baya jikana ya nemo mini waƙar a YouTube, bai ɗauki minti guda ba. Ta fito tas, babu ƙaras-ƙaras, babu nauyin batir. Na saurara har ƙarshe, kuma da aka zo wurin da namu faifan ke tsalle sai da na kai hannu aljihu neman kwabo. Yaron ya ce, "Kaka, a sake?" Na ce ya bari sai an taru, ba waƙar mutum ɗaya ba ce.

Na san akwai gidaje a Bolori, da Gwange, da Hausari, inda faya-fayan iyaye ke jibge a cikin akwati, na Turawa da namu na gida. Don Allah kada ku zubar, kada kuma ku ɗora wani a kan wani. Ku jera su a tsaye, a inuwa, nesa da kwanon rufi, ku tambayi dattawan gida labarin kowanne tun suna nan.