Wasiƙa Zuwa Ga Kawu Daga Bankok



Kawu, ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, da Inna da su Yaya da duk mutanen gida. Yaya kasuwa? Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi, sai zafin garin nan mai danshi da ba ya barin riga ta bushe a jiki.

Inna ta gaya mini ta waya cewa ka ce yaron nan ya tafi uwa duniya koyon yaren masu shinkafa, me zai ci da shi? Na san kulawa ce ta sa ka tambaya, shi ya sa na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto maka.

A nan Jami'ar Chulalongkorn, wadda aka kafa a 1917, da harshe aka fara mana. Yaren Tai yana da karin sauti biyar, kalma tana sauya ma'ana idan murya ta hau ko ta sauka. Abokan karatuna Turawa nan suke shan wahala, ni kuwa kunnena ya saba tun ina goye, tunda mu ma da murya muke raba kukan yaro da kukar miya. Rubutun ne ya fi cin lokaci. Baƙaƙe 44 ne, an kasa su gida uku, gidan da baƙi ya fito yana cikin abin da ke nuna karin sautin gaɓa. Wasali kuma yakan zauna a gaban baƙi, ko bayansa, ko samansa, ko ƙasansa, ga shi ba sa barin fili tsakanin kalmomi. An kai mu gidan tarihi na ƙasa muka tsaya gaban dutsen Sarki Ramkhamhaeng na Sukotai, wanda rubutun jikinsa ke cewa shi ya ƙirƙiro haruffan a 1283. Malamarmu ta sa kowa ya nemo baƙi ɗaya da ya gane, sannan ta gaya mana cewa tun 1987 wasu masana ke jayayya kan ko dutsen ya kai shekarun da ake ba shi. Ta burge ni da ba ta ɓoye mana wannan ba.

Amma darasin tarihin yankin ne ya fi shiga raina, kuma na san kai ma zai taɓa ka. Mutanen nan suna alfahari da cewa Bature bai taɓa mulkarsu ba, kuma gaskiya ne, sai dai sun biya da ƙasa. A 1893 Faransa ta turo jiragen yaƙi cikin kogin Chao Phraya har Bankok, Siyam, wato Tailan ta yau, ta sallama mata gaɓar gabas ta kogin Mekong. Ruwan da dā yake haɗa mutane a kwalekwale ya koma iyaka. Yau masu magana da yaren Lawo da ke arewa maso gabashin Tailan, yankin da ake kira Isan, sun fi mutanen ƙasar Lawos kanta yawa. Muna karanta littafin wani masanin Tailan, Thongchai Winichakul, mai suna Siam Mapped, wanda ya fito a 1994. Ya nuna cewa sarakunan dā mutane suke mulka, ƙaramin sarki yana iya kai gaisuwa ga manya biyu a lokaci guda, sai da taswirar Turawa ta zo aka ce dole kowane taƙi ya zama na mutum ɗaya. Ina karantawa ina tuna danginmu na Maraɗi da shingayen da kake wucewa kafin ka kai musu ziyara.

Haka aka yi a kudu. Yarjejeniyar 1909 ta ba Ingila Kedah da Kelantan da Terengganu da Perlis, ta bar tsohuwar daular Musulunci ta Patani a hannun Siyam. Har yau mutanen can Malayanci suke yi a gida, suna rubuta shi da haruffan Larabci kamar ajaminmu, suna da makarantun kwana na malamai da suke kira pondok. Rikicin da ya sake tashi a can tun 2004 ya ci dubban rayuka, kuma wanda bai san 1909 ba ba zai gane tushensa ba.

Kada ka damu da batun addini. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya Buddha ne, amma ba wanda ya taɓa hana ni salla. Juma'a nakan taka zuwa Ban Khrua, unguwar Musulmi 'yan asalin ƙabilar Cham a bakin magudanar Saen Saep, inda har yanzu wasu gidaje ke saƙar siliki. Shafi'awa ne, liman yana bayyana bisimilla a Fatiha. Idan an idar, dattawan sukan tsare ni da tambaya, idan na amsa da yarensu sai fuskarsu ta sake.

To, batun abin da zan ci. Kawu, shekara da shekaru ka yi kana sauke shinkafa 'yar waje a kasuwar Singa, ta Tailan ce, ta biyo ta Kwatano, kuma kullum akwai dillalai tsakaninka da mai ita. Ba mu san yadda suke sarrafa ruwan rani ba, ko yadda suke turara ta ta fito ba tsakuwa. Yawancin wannan ilmin da yarensu yake rubuce, a takardun ma'aikatar gona da na jami'o'i. Tunda yanzu muna son mu ci tamu ta gida, ya kamata a samu Bahaushen da zai karanta su kai tsaye ya mayar wa manomanmu na Kura da Hadejia. Akwai kuma aikin tafinta, tunda suna da ofishin jakadanci a Abuja, mu ma muna da namu a nan.

Idan akwai tsohon buhu a shago mai rubutunsu, ka sa yara su ɗauki hotonsa su turo mini, zan karanta maka abin da ke jiki. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta haɗa mini yaji da daddawa idan an samu mai zuwa. A ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Wassalam,
Ɗanka.