Minsharin Siririn Mutum

A wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi akwai wani manomin auduga, dogo, siriri kamar karan dawa. Dā kowa ya san shi da ƙwazo, amma daga baya sai ya zamana da ya zauna gindin itace sai gyangyaɗi. Ko ran Juma'a, kafin liman ya gama huɗuba ya yi nisa. Mutane suka ce lalaci ne ya kama shi.

Uwargidansa ce ta san abin da ke faruwa da dare. Ta ce masa, "Malam, minsharinka yakan tsaya cik, in ji shiru har in tsorata, sa'an nan ka zabura da shaƙuwa kamar wanda aka maƙure." Ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ciwon masu tumbi ne." Bai yarda ba sai ran da barci ya fizge shi a kan babur, yana ɗauke da buhun masara zuwa Funtuwa, ya faɗa rami. Allah ya sa da sauran kwana.

Ga yadda abin yake. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki. In hanyar iskar ƙunci gare ta, sai ta toshe, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, har jiki ya farkar da shi kaɗan ba da saninsa ba. Wani yakan yi haka sau 30 cikin awa ɗaya. To, ina barci ya samu? Sai a tashi da ciwon kai da kasala, kuma in abin ya daɗe yana jawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Gaskiya ne ƙiba ita ce babban sanadi, amma siriri ma yana samu, in haɓarsa ƙarama ce ta koma baya, ko harshensa babba ne, ko hancinsa na toshewa, ko tsokoki biyun nan na gefen maƙogwaro sun yi girma. Likitocin Faransa da na Jamus suka bayyana ciwon a 1965. A 1980 kuma wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, ya ƙago na'urar da ke hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe.

Mai barci ba ya jin minsharinsa, saboda haka maganar na kusa da shi abin saurara ce. Wanda aka ce numfashinsa na tsayawa, kada ya tafi wurin wanzami a yanke masa beli. Ya riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine, ya bar tuƙi in yana jin barci, ya je asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya faɗi dukan abin da aka gani. In ya fi ƙarfinsu, sa tura shi asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya.