Muryar Shata a Agege

A Agege ta Legas, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango saboda fataucin goro, har yau muryar Alhaji Mamman Shata ba ta kwanta ba. Da yamma sai ka ji ta daga wayar mai shayi, kalangu na ratsa hayaniyar motocin danfo.

Idan na saurare shi, mawaƙi Luciano Pavarotti na Italiya, wanda ya rasu a 2007, yakan faɗo mini a rai. Dukansu Allah ya hore musu murya mai cika fili. Sai dai yawancin abin da Pavarotti ya rera, irin su Verdi da Puccini ne suka tsara shi a rubuce, duk matashi mai murya zai iya ɗauka ya gwada. Shata kuwa, mutumin Musawa, ba ya riƙe takarda. 'Yan amshi su dafe masa gindin waƙa, shi kuma ya yi ta ɗora zance nan take, ya yabi wannan, ya zungure wancan, kowace kalma na fita tar. Wannan tsabtar lafazi ce ta fi kama ni. Ko makaɗa sun ɗau zafi, harafi ɗaya ba ya ɓacewa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Abin da ke damuna shi ne waƙoƙin da suka rage a tsofaffin kaset kawai, cikin akwatunan dattawa, danshin Legas na cin su, ba a kai ga juye su ba.